Zanzaro: yadda aikin kujerun kankare ke tafiya a Damagaram

Asabar, 14 ga Disamba 2024

Yau muka ɗaure noti na ƙarshe a jikin injin. Wata uku kenan muna kansa, ni da ƙanena da wani mai walda da ya yi mana rangwame don, in ji shi, yana so ya ga inda wannan hauka za ta tsaya. Irin firintar nan ce ta 3D, sai dai maimakon roba, kwaɓaɓɓen siminti yake fitarwa ta baki, yana shimfiɗa shi layi bisa layi har abu ya tashi, ba tare da an kafa akwatin katako an zuba ba. Yaran unguwa da ke leƙowa ta katanga sun riga mu raɗa masa suna. Zanzaro suke ce masa, saboda kai-komon da yake yi yana ɗora laka. Mun bar masa sunan.

Tsawonsa mita 1.5, faɗi mita 1, tsayi santimita 80. Sarƙar babur ce ke jan kan injin gaba da baya. Ƙananan injunan da ke juya sarƙar daga Kano aka kawo mana su ta hanyar Matamaye, ƙwaƙwalwar kuwa Arduino Mega ce da manhajar Marlin, wadda ƙananan firintoci ke aiki da ita. A sama akwai mazurari na ƙarfe da ake zuba kwaɓi, a cikinsa wani murɗaɗɗen ƙarfe yana juyawa yana tura kwaɓin ƙasa, kamar na injin markaɗe.

Ba gida nake son ginawa ba. Na san a Malawi kamfanin 14Trees ya buga bangon makaranta cikin awa 18 a 2021, kuma tun 2017 akwai gadar masu keke da aka buga a Gemert ta ƙasar Holan. Wannan tafiyar manya ce. Ni dakali nake so, na ƙofar gida, da bencin da 'yan fada, wato samarin da ke taron hira a unguwa, za su zauna su sha shayi ba tare da gara ta cinye shi ko wani ya ɗauke shi da dare ba, sai kuma ɗan tebur na cikin ɗaki.

4 ga Janairu 2025

Gwaji uku, faɗuwa uku.

Na farko na kwaɓa da rairayin bayan gida, na sa ruwa yadda maginanmu ke sawa. Layi ya fito sumul, har ƙanena ya fara ɗaukar bidiyo. A hawa na bakwai na ƙasa ya buɗe ciki, komai ya zube kamar kunu. Na biyu na rage ruwa, sai kwaɓin ya cije a mazurari, muka kwashe awa ɗaya muna ƙwaƙulo shi da sanda kafin ya daskare a ciki. Na uku buhun simintin ne ya riga ya sha raɓa a shagon da na saya, duk ƙullutai, ɗaya ya toshe baki.

Abin da ake nema a wurin kwaɓin nan abu biyu ne da ba sa shiri da juna. Sai ya yi laushin da zai bi bakin injin ba gardama, kuma da zarar ya sauka sai ya tsaya da ƙafarsa ya ɗauki nauyin na samansa. A ginin yau da kullum katako ke riƙe kankare har ya kama. Nan babu mai riƙe shi.

Na kuma gane rairayi ba zai yi ba. Ƙwayarsa ƙanana ne, iska ta goge su sun yi santsi, suna shan ruwa da yawa ba sa kama juna. Yashin korama za mu nema mu tankaɗe da rariya mai ido milimita 2. Tsakuwa dai babu ita sam, don haka in mai ilimin gini ya ce abin da muke yi ba kankare ba ne na gaskiya, ba zan yi masa musu ba. Siminti kuma mai lamba 32.5 ne a hannunmu, shi ne wanda gwamnati ta rage wa kuɗi a watan Oktoban 2024. Mai lamba 42.5 ya fi saurin yin ƙarfi, shi aikin ya fi so, amma aljihu ne ke zaɓe.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na je Miriya. Mahaifiyata ce ta tura ni. Da ta ga bidiyon faɗuwar, ba ta yi dariya ba, cewa ta yi, «Wannan ai ginin tukunya ne. Je ka ga masu yi.»

Na zauna wajen wata dattijuwa mai ginin tulu tun hantsi har azahar. Tulu huɗu take yi a jere, ba ɗaya ba. Ta gama cikin na farko ta ture shi gefe, ta koma na biyu, ta bi su har na huɗu, sannan ta dawo kan na farko ta danna babban yatsa a gefensa. In ya lotsa da yawa ta ƙyale shi. In ya ɗan yi tauri sai ta murza laka kamar igiya ta ɗora wuya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsumman da take jiƙawa ta naɗe bakin tulun kaɗai da shi. Jiki na shan iska, baki na nan da danshi.

Na ce, «Inna, tsumman nan fa?»

Ta ce, «Ɗan nan, in ƙasa bai sha iska ba, ba ya ɗaukar wuya. In baki ya bushe kuma, wuyan zai zauna ne kawai, ba zai kama ba. Sai an gasa ka ɗauka ka ga ya rabu a hannunka.»

Na nuna mata bidiyon Zanzaro a waya. Ta kalla sau biyu, ta ce injin nan garaje gare shi, ba ya waiwayen abin da ya ɗora. Ta ƙara da cewa lakar tamu ta cika santsi, ita takan daka fasassun tukwane ta zuba a tata don ta samu ƙashi.

A hanyar dawowa, kilomita 18 ɗin nan duka lissafi nake. Abin da takardun masana ke ta nanatawa game da tazarar lokaci tsakanin hawa da hawa, shi ne ta nuna mini da yatsa da tsumma. In ka yi sauri na ƙasa ya murƙushe, in ka yi jinkiri na sama ya ƙi kamawa. Ni kuwa wata uku na ɓata a kan sarƙa da waya, ban ba kwaɓi ko mako ɗaya ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Yanzu gini na tsayawa. Kwaɓin da ya karɓa: awo ɗaya na siminti, ɗaya da rabi na tankaɗaɗɗen yashi, ruwa kaɗan bisa kashi ɗaya cikin uku na nauyin simintin, da ɗan maganin sa kankare laushi da wani ɗan kwangila ya sammana mini a gora. Na rage gudun injin, kowane hawa yana jiran kamar minti biyu kafin na gaba ya hau.

Sai hunturu ya shigo da tasa. Abin da muka buga da safe, kafin la'asar ya yi tsaga sirara kamar kaushin ƙafa. Iskar nan busasshiya ce, kuma tunda babu katako a jiki, ta kowane gefe take zuƙe ruwan tun siminti bai fara kamawa ba.

Akwai wani tsohon magini a Birni, abokin kakana, cikin waɗanda suka yi aikin gidajen ƙasa masu zane a fuska. Na kai masa guntun da ya tsage. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce, «Ba ku sa gashi ba.» Na zaci zolaya ce. Ya ce su a da in za su yi laso na shafen soro, katsi suke samowa daga marina, su haɗa da gashin jima daga majema, su kwaɓa da ruwan dafara. Gashin ne ke riƙe shafen kada ya tsage.

Na ce, «Baba, ai ko Turawa haka suke yi, zaren roba suke zubawa.»

Ya ce, «To sun ji labari.»

Na so in gwada gashin jimar kansa tunda majema na nan cikin gari, amma na tuna da toka ake tuge gashin daga fata, siminti kuma kaifinsa irin na toka ne, zai ci gashin a hankali. Sai muka shiga kasuwar Dole, yau ranar kasuwa, muka sayi tsofaffin buhunan shinkafa, waɗanda da irin robar da ake yin wancan zaren ake saƙa su. Muka warware, ƙanena da abokansa suka zauna da almakashi suna yankawa guntu-guntu kamar tsawon farce. Aiki ne mai cin rai, na biya su da shayi da gyaɗa.

Maganar ruwa kuma ba sai na gaya wa ɗan Damagaram ba. Siminti yana son ya zauna da danshi aƙalla kwana 7, mu kuwa famfonmu sai ya yi kwanaki bai ce uffan ba, wajen 'yan garuwa muke saye. Ban iya yi wa benci wanka safe da yamma alhali gida na jiran na girki. Dabarar Inna muka ɗauka: buhun algarara jiƙaƙƙe a jiki, leda a sama, a ɗaure da igiya. Bido ɗaya ya isa kwana uku.

22 ga Fabrairu

Dakali na farko ya tashi. Tsawo mita 1.2, faɗi santimita 40, hawa 40, kowanne kaurin santimita 1 da faɗin santimita 3. Cikinsa rami ne, sai wani layi da ke tafiyar maciji tsakanin bangon gaba da na baya yana ɗaure su. Awa ɗaya da 'yan mintoci injin ya yi. Mu ne muka sha wuya, don mazurarin ƙarami ne, mutum biyu na kwaɓawa, ɗaya na ɗurawa da cokalin magini ba tsayawa. Duk wanda ya ce maka injin nan na hana mutane aiki, ka turo shi ya riƙe mana shebur.

Murfin sama ba bugawa muka yi ba. Injin ba ya shimfiɗa layi a kan iska, kuma kankare ko wane iri ne yana jure dannawa amma ba ya jure lanƙwasa sai da ƙarfe a ciki. Zuba shi muka yi a ƙasa da rodi siriri, kauri santimita 5, za a ɗora daga baya.

Mai walda ya zo ya zagaya shi sau biyu, ya shafa layukan da tafin hannu, ya ce kamar an jera igiyar rijiya. Bai ce hauka ba yau.

12 ga Maris, cikin azumi

Mun koma aikin dare, bayan asham zuwa ƙarfe ɗaya. Da rana kwaɓi na fara tauri cikin minti ashirin, mu ma ba mu da ƙarfin.

Ranar Lahadi muna hawa na 23 na benci na biyu, mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, wuta ta ɗauke. Minti hamsin. Muka kwashe kwaɓin da ke mazurari da fitilar waya, na rufe bakin ginin da jiƙaƙƙen tsumma, da wuta ta dawo muka sake kwaɓi muka ci gaba. A ido ba ka ganin komai. Jiya da muka zo matsar da shi, sai ya rabu biyu daidai wannan layin, tsaf kamar an buɗe kwano da murfinsa. Tsumman ya hana bushewa amma bai hana siminti kamawa ba, nan ne laka da siminti suka raba hanya. Laka in ka jiƙa ta takan dawo. Siminti in ya tafi ya tafi.

Na sayar da tsohon babur ɗina na sayi batir biyu da faifan sola. Matata ta ce saura katifa.

Na kuma yi wani gwajin da ƙaro. An san ƙaro na jinkirta kamawar siminti, kamar yadda sukari ke yi, ga shi kuma muna da shi a yankin nan. Na jiƙa, na tace, na zuba a kofuna biyar na kwaɓi, kowanne da yawansa. Mai ɗan kaɗan ya ƙara mini kamar rabin awa, ya kuma sa kwaɓin danƙo mai kyau. Wanda na cika wa hannu kwana biyu yana nan kamar tuwo, da ya bushe na murje shi da yatsa. Tsakanin mai amfani da mai ɓarna bai fi cokalin shayi ba, don haka sai na samo ƙaramin sikeli irin na masu zinariya kafin in ƙara taɓa shi. Wani ya ba ni shawarar in kwaɓa da ƙanƙara don ruwan ya yi sanyi. Shawara ce mai kyau, ana yin haka a manyan gine-gine, amma a watan azumi wanda ya zuba ƙanƙara a kankare a unguwarmu sai ya yi bayani.

5 ga Afrilu

An yi salla lafiya. Dakali na farko ya wuce kwana 28, wato lokacin da ake ɗauka siminti ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Mutum huɗu suka ɗora shi a amalanke, murfin daban, muka kai fadar su ƙanena ƙarƙashin dogon yaro. Duka-duka bai kai kilo 200 ba. Da cikakke ne da ya doshi 500.

Ba mu da injin gwada ƙarfi. Buhun hatsi shida muka jibga masa ya kwana da su, da safe samari biyar suka hau suna tsalle. Bai motsa ba.

Ƙorafi dai an yi, kuma duk na rubuta. Na ɗaya, ya yi tsayi. Santimita 45 tsayin kujerar ofis ne, na ɗauko shi daga littafi ban yi tunani ba. Mai dafa shayi a fada gawayinsa a ƙasa yake, yana so ya miƙa hannu ya kai buta ba tare da ya sunkuya kamar mai ruku'u ba. Dakalin gargajiya ma ai bai kai haka ba. Na gaba santimita 35 zan yi. Na biyu, layukan gefe suna kama bakin riga. Na uku shi ne wanda ban taɓa kawowa a rai ba: ramin ciki. Kwana tara kacal, da aka ɗaga murfi don gyara zamansa, aka tarar da ƙadangare biyu da kunama. Mun gina wa kunama gida mai inuwa a daidai inda mutane ke sa ƙafa ba takalmi. Mun cika ramin da yashi zuwa rabi, muka liƙe murfin da siminti.

27 ga Afrilu

Ciniki na farko. Wata Hajiya a Zango, yayar abokina, ta ga hoto a WhatsApp ta ce tana son ƙaramin tebur na falo, ƙafarsa da siffar dagi, samansa gilashi don a riƙa ganin zanen.

Na amsa da sauri, na manta dagi zare ne da ke haye kansa. Bakin injin in ya bi ta kan layin da ya riga ya shimfiɗa a hawa ɗaya, wurin ya yi tudu, hawa goma tudun ya zama tsauni, baki ya tokare shi. Kwana huɗu ina gaban kwamfuta kafin na haƙura da hayewar. Gefen dagin kawai na bi da layi guda wanda ba ya yankewa, ya fara ya zagaya ya dawo inda ya tashi. Daga sama ido na ganin dagi, ko da yake ba a saƙa komai ba. Na zuba jan garin fenti na siminti a kwaɓin, ya fito da launi kusa da na katangun Birni.

Ranar da muka kai, ta sa aka ajiye shi a tsakar gida tukuna. Ta shafa da yatsa, ta duba yatsan.

«Malam, wannan kwalliya ce ko matattarar ƙura? Wa zai riƙa bin layukan nan ɗaya-ɗaya?»

«Hajiya, ai layukan su ne adon.»

«A waje ado ne. A ɗakina aiki ne.»

Gaskiyarta. Mu da ke buga abin muna son layukan don su ne shaidar injin ya yi, mai shara kuwa ba ruwanta da shaida. Muka dawo da shi, muka goge kaifin da dutsen gurza, muka shafa masa man kare siminti hannu biyu har tsumma na wucewa ba ya maƙalewa. Ƙasan ƙafar muka manna masa guntun roba kada ya karce tayil. Ta karɓa, ta rage jaka biyu a kuɗin saboda jiran da ta yi, ban ce komai ba.

20 ga Mayu

Zafi ya wuce 40 kusan kullum, mun dakata da bugu. Na zauna na yi lissafin da na daɗe ina gudu. Kwaɓinmu cin siminti gare shi, kusan ninki biyu na kilo 350 da magina ke sa wa kubik mita ɗaya na kankare mai kyau. Ramin ciki ne ke rama mana. Dakali ɗaya da murfinsa buhu guda ya ci, na zube cikakke zai ci buhu da rabi. Amma maginin unguwa da bulo goma da ɗan shafe zai yi maka dakali da abin da bai kai haka ba, kuma ba ya bukatar batir. In miƙaƙƙen dakali kake so, je wurinsa, ni ma can zan tura ka. Inda ba ya iya bin mu shi ne lanƙwasa: benci mai zagaye gindin itace, ko mai bin kwanar zaure, wanda kafinta zai ci kuɗin katako fiye da na siminti kafin ya haɗa masa akwati, a yi amfani da shi sau ɗaya a yar.

'Yan fada sun kawo rahoto ba a tambaye su ba. Da rana ba mai iya zama a kai in rana ta taɓa shi, amma bayan magariba yana rigan dakalin masallaci hucewa.

Laraba, 9 ga Yuli

An yi ruwa mai ƙarfi daren jiya. Da asuba na tafi fada da tocila. Dakalin na nan, sai dai ruwa ya samu hanya ta layi na huɗu daga ƙasa, inda na tuna kwaɓi ya ɗan yanke mana muka ci gaba. Yashin ciki ya jiƙe, gefe ɗaya ya yi duhu har yanzu. Na huda ƙananan ramuka biyu a gindi don ya tsiyaye, na toshe su da ragar sauro saboda masu gidan da muka kora.

Baba magini ya aiko jikansa da kwalbar ruwan makuba, wanda ake yi da ɓawon ɗorawa, ya ce in shafa a gefe ɗaya in bar ɗayan, mu gani bayan damina. Ban san ko za ta kama jikin siminti yadda take kama ƙasa ba, na dai shafa a gefen gabas, inda ruwa ke bugowa.

Wani mai makaranta ya yi magana a kan benci uku masu zagaye bishiyoyin farfajiyarsa. Faɗin injin mita 1 ne, don haka kowanne sai an buga shi gida huɗu a haɗa a can. Gobe zan je da igiya in auno gindin itatuwan, in kuma ga ko amalanke na iya shiga ƙofar.